Makomar Tsaron Bayanai a Zamanin Kwamfutar Kwantam: Ina Ya Kamata Jihar Jigawa Ta Sa Gaba?

Tsakure

Kusan duk wani sirri da ke ratsa hanyoyin sadarwa a yau, daga kuɗin da ɗan kasuwa ke turawa ta waya zuwa bayanan da gwamnati ke tarawa a kan jama'a, yana dogara ne da wasu matsalolin lissafi da suka gagari kwamfutar yanzu. Tun shekarar 1994 aka tabbatar cewa kwamfutar kwantam, in ta kai girman da ake nema, za ta warware su. Wannan maƙala ta duba hanyoyi biyu da masana suka fito da su don tarar wannan rana: raba mabuɗi ta ƙwayoyin haske, da kuma sabon lissafi mai jure wa kwamfutar kwantam. Ta auna su da ma'aunin Dutse da kewayenta, wato nisa da wutar lantarki da kuɗi da ma'aikata. Matsayar da ta cim ma ita ce, abin da Jigawa ke bukata yanzu shi ne ta san makullan da take amfani da su, ta soma sauya su, ta kuma horar da masu aikin. Na'urorin ƙwayoyin haske kuwa, wurinsu a yanzu shi ne ɗakin gwaji na jami'a.

1.0 Gabatarwa

Jigawa ba baƙuwa ba ce a fagen fasahar sadarwa. A farkon shekarun 2000, zamanin mulkin Ibrahim Saminu Turaki, jihar ta kafa kamfanin Galaxy a Dutse don samar da intanet, ta kuma buɗe cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure, lokacin da jihohi da dama ba su fara tunanin hakan ba. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2013 aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido a yau. A tsakanin nan rayuwar mutane ta koma cikin na'ura sannu a hankali. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014. A ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Albashi da fansho da rajistar jarrabawa da tallafin manoma, duk sun bi wannan hanya.

Saboda haka, tambayar makomar tsaron bayanai ta shafi malamin firamare a Kiyawa kamar yadda ta shafi ma'aikacin banki a Legas. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantam, kuma ƙasar Gana ce ta gabatar da ƙudurin. Tun daga nan maganar ta yawaita a tarurruka, masu sayar da na'urori kuma suka shiga zagaye. Manufar wannan maƙala ita ce ta bambance abin da ya zama dole da abin da ke da ƙyalli kawai, domin jiha mai ƙarancin kuɗi ba ta da sararin sayen duka biyun.

2.0 Yadda Ake Kulle Bayanai a Yau

Mu ɗauki dillalin hatsi a kasuwar Shuwarin. Ya sayi buhunan gero, ya buɗe manhajar banki a wayarsa zai tura kuɗi. Kafin alat ya shiga wayar mai kaya, abubuwa uku sun faru cikin ƙiftawar ido. Na farko, wayar ta duba takardar shaidar kwamfutar bankin, ta tabbatar da sa hannun dijital da ke jikinta, don kada ta faɗa hannun ɗan damfara mai shigar banki. Na biyu, wayar da bankin sun yarje a kan wani mabuɗin sirri, alhali duk abin da suka faɗa wa juna ya bi ta iska da turakun sadarwa inda kowa zai iya naɗa. Na uku, sun kulle lambar asusu da adadin kuɗi da wannan mabuɗi.

Mataki na uku yana amfani da tsarin mabuɗi ɗaya, galibi AES, wanda ya zama ma'auni a 2001. Matakai biyu na farko kuwa sun dogara da tsarin mabuɗi biyu, wanda Whitfield Diffie da Martin Hellman suka bayyana a 1976, sannan Rivest da Shamir da Adleman suka fito da RSA a 1977. Misalinsa kamar mutum ne ya raba buɗaɗɗun kwaɗuna ga duk mai son aiko masa da saƙo, ya riƙe mabuɗin a aljihunsa. Kowa na iya datse kwaɗo, amma mai mabuɗi kaɗai ke buɗewa.

Ƙarfin RSA ya tsaya a kan abu ɗaya. Ɗalibin sakandare zai ninka 53 da 61 ya sami 3233 cikin minti guda. In aka ba shi 3233 aka ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji. Mabuɗin RSA da aka fi amfani da shi lamba ce mai alƙaluma 617. Lambar RSA mai alƙaluma 250 da masana suka fasa a 2020, sai da suka haɗa ƙarfin kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Wani tsarin mabuɗi biyun, na lanƙwasassun layuka, wanda Koblitz da Miller suka gabatar a 1985, shi ma a kan wata matsala mai kama da wannan ya jingina.

3.0 Barazanar da Ke Tafe

Kwamfutar da muka saba da ita tana aiki da bit, wanda ko dai 0 ne ko 1. Kwamfutar kwantam tana aiki da kubit, wanda ke iya zama cikin wani hali da ya haɗa biyun har sai an auna shi. Wannan bai sa ta fi kwamfutar yau sauri a kowane aiki ba. A wasu ayyuka ƙalilan ne take da fifiko, sai dai cikinsu har da wanda tsaronmu ya dogara da shi. A 1994 Peter Shor ya nuna dabarar da za ta fasa manyan lambobi cikin lokaci kaɗan, ta rusa RSA da tsarin lanƙwasassun layuka baki ɗaya. Dabarar Lov Grover ta 1996 tana taɓa AES, amma raunin da take yi masa kaɗan ne, mabuɗi mai bit 256 ya isa ya tare ta. Ke nan ƙofar da ke cikin haɗari ita ce ta musayar mabuɗi da ta sa hannu.

Na'urar da za ta yi wannan aiki ba ta samu ba tukuna. Guntun Willow da Google ya nuna a Disambar 2024 kubit 105 gare shi, kuma kubit na yau yawan kuskure gare su. Abin lura shi ne yadda ƙiyasi ke sauka. A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta cewa fasa RSA mai bit 2048 zai ci kubit miliyan 20 cikin awa takwas. A Mayun 2025 Gidney ya sake lissafi, ya ce ƙasa da kubit miliyan ɗaya za su yi aikin cikin ƙasa da mako guda. Masu ƙera na'ura na hawa, masu lissafi na saukowa, wata rana za su haɗu.

Dalilin gaggawa bai tsaya ga ranar haɗuwar ba. Mai kutse zai iya naɗar bayanan da aka kulle a yau ya adana, ya jira ranar da zai sami abin buɗewa. Tarihi ya riga ya nuna haka. Amurka ta tara saƙonnin sirri na Tarayyar Sobiyet a shekarun 1940, ta yi ta warware su a shirin Venona har zuwa 1980, asirin mutane ya tonu shekaru bayan sun ɗauka magana ta wuce.

Michele Mosca, masani a ƙasar Kanada, ya taƙaita lamarin da lissafi mai sauƙi: a haɗa tsawon lokacin da ake son sirri ya zauna a rufe da tsawon lokacin da sauya makullai zai ci. In jimillar ta zarce lokacin da ya rage kafin na'urar ta samu, an riga an makara. Mu gwada shi a gida. Lambar sirri da banki ke turowa ta mutu cikin mintuna, ba ta da matsala. Amma zanen yatsan matashin da ya yi rajistar NIN a Jahun ba ya canzawa har ƙarshen rayuwarsa. Haka bayanan mai fama da cutar da jama'a ke ƙyama, da takardun filaye, da bayanan tsaro. Waɗannan sirrin shekara hamsin ne ko fiye. In aka ƙara shekara goma na aikin sauyi, to ko da na'urar za ta ɗauki shekara talatin kafin ta zo, mun shiga cikin lissafin.

4.0 Hanya ta Farko: Raba Mabuɗi ta Ƙwayoyin Haske

Wannan hanya ta sauya tushen tsaro daga wahalar lissafi zuwa dokokin halitta. Dokokin biyu ne. Ba a auna ƙwayar haske ba tare da an taɓa halinta ba, kuma ba a iya kwafar halin da ba a sani ba, kamar yadda Wootters da Zurek suka tabbatar a 1982. A kan wannan Charles Bennett da Gilles Brassard suka gina tsarin BB84, wanda suka gabatar a wani taro a Bangalore ta ƙasar Indiya a 1984.

Mu ƙaddara akwai tasha a Dutse da wata a Kano, da zaren faiba a tsakaninsu. Dutse na aika ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙwaya ana ba ta fuska ɗaya cikin huɗu: tsaye ko kwance a ma'auni na farko, karkatar dama ko karkatar hagu a ma'auni na biyu. Tsaye da karkatar dama na nufin 1, sauran biyun na nufin 0. Kano ba ta san ma'aunin da aka yi amfani da shi ba, sai ta zaɓa da ka. In zaɓin ya dace, ta karanta daidai. In bai dace ba, sakamakon canki-canki ne. Bayan ƙwaya dubu sun isa, tashoshin biyu za su sanar da juna a fili ma'aunin da kowa ya ɗauka, ba tare da faɗin sakamako ba. Kusan ɗari biyar za su dace, a zubar da sauran. Daga nan sai su sadaukar da ɗari, su kwatanta. In wani ya tsaya a hanya yana auna kowace ƙwaya yana sake turawa, shi ma da ka yake zaɓar ma'auni, don haka kusan 25 cikin ɗarin nan za su saɓa. A tsarin na asali, kuskuren da ya haura kusan kashi 11 cikin ɗari ya isa a watsar da mabuɗin a sake sabo. Mai saurare bai tafi da komai ba, domin ba a riga an aika saƙon ba.

Fasahar ta fita daga takarda tuntuni. Gwajin farko a 1989 bai wuce tazarar santimita 32 ba. A 2007 an yi amfani da ita wajen aika sakamakon zaɓe a Janiba. A gasar cin kofin duniya ta 2010, masanan Jami'ar KwaZulu-Natal sun tsare sadarwar filin wasa na Moses Mabhida a Durban da ita. Sin ta harba tauraron ɗan'adam Micius a 2016, ta buɗe layin Beijin zuwa Shanghai mai tsawon kilomita 2,000 a 2017. A 2025 aka wallafa sakamakon musayar mabuɗi tsakanin Sin da Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, tazarar kilomita 12,900.

To, me zai hana Jigawa ta bi sahu? Abu na farko nisa. Zaren faiba na cinye haske yayin da yake tafiya. A kilomita 50 kashi ɗaya cikin goma ke tsira, a kilomita 100 ɗaya cikin ɗari, a kilomita 200 ɗaya cikin dubu goma. Tsakanin Dutse da Kano kusan kilomita ɗari ne, wato bakin iyakar abin da na'urorin kasuwa ke yi da daɗin rai. Ba a kuma iya ƙara wa ƙwayoyin ƙarfi a hanya, domin hakan kwafa ne. Mafita ita ce tashoshin amana, inda ake buɗe mabuɗi a sake rufewa. Layin Beijin zuwa Shanghai yana da irinsu 32. Kowace tasha ɗaki ne da ke bukatar mai gadi da wutar da ba ta yankewa, kuma duk wanda ya shiga ɗakin ya sami mabuɗi.

Na biyu, fasahar ba ta tantance wanda ake magana da shi. Dole sai an nemo wata hanya ta tabbatar da cewa tashar Kano ce da gaske. Na uku, dokar halitta ba ta kuskure amma na'ura na yi. A 2010 masana a ƙasar Norwe sun makantar da idon wasu na'urorin kasuwa da haske mai ƙarfi, suka nuna ana iya ɗauke mabuɗi ba tare da alama ba. Na huɗu, kuma mafi nauyi a wurinmu, fasahar ba ta isa wayar hannu. Mafi yawan jama'ar Miga da Buji da Gwaram ta turakun waya suke shiga intanet. Waɗannan dalilai ne suka sa hukumar tsaro ta NSA a Amurka da takwararta ta Ingila ba su ba da shawarar dogaro da ita ba, kuma a Janairun 2024 hukumomin Faransa da Jamus da Holan da Suwidin suka fitar da matsaya ɗaya mai kama da haka.

5.0 Hanya ta Biyu: Sabon Lissafi

Hanya ta biyu ita ce a nemo matsalolin lissafi da ba a san dabarar warware su ba, ko da kwamfutar yau ko da ta kwantam. A Disambar 2016 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta buɗe gasa ga duniya, tsare-tsare 69 suka shiga zagayen farko. An shafe shekaru masana na kai wa tsare-tsaren juna hari a fili. A 13 ga Agustan 2024 aka fitar da ma'aunai uku: ML-KEM don musayar mabuɗi, ML-DSA da SLH-DSA don sa hannu. A Maris 2025 aka ƙara HQC a matsayin madadi.

Babban alherin wannan hanya shi ne manhaja ce. Tana tafiya a kan waya da kwamfuta da zaren da muke da su. Signal ta sa ta a 2023, Apple ta sa ta a iMessage a 2024, manyan manhajojin shiga intanet su ma sun ɗauka. Akwai ɗaliban Dutse da ke amfani da ita a yau ba su sani ba.

Sai dai hanyar tana da nata nauyin. Mabuɗin fili na tsarin lanƙwasassun layuka bayit 32 ne, na ML-KEM matsakaici kuwa bayit 1,184. Sa hannun da ke cin bayit 64 a da, yanzu ya haura 2,400. A inda sabis ke da rauni, ko a kan tsofaffin na'urorin POS da katunan da ke da ƙaramar ƙwaƙwalwa, wannan bambanci yana da tasiri. Sannan tsaronta ba tabbaci ne na har abada ba. A Yulin 2022 Wouter Castryck da Thomas Decru na Jami'ar Leuven a Beljiyam sun fasa SIKE, wanda ya kai zagaye na huɗu a gasar, cikin kusan awa guda da kwamfuta ta yau da kullum. Darasin da aka ɗauka biyu ne: a haɗa sabon tsari da tsoho a lokacin sauyi, ta yadda sai an fasa duka biyun, kuma a gina manhaja yadda za a iya cire makulli a sa wani ba tare da rushe gini ba.

Ƙasashe sun sa wa kansu wa'adi. Daftarin NIST na Nuwambar 2024 ya ba da shawarar haramta RSA da ire-irensa bayan 2035. Ingila ta tsara matakai uku: a gama ƙidaya a 2028, a sauya muhimman tsare-tsare a 2031, a kammala a 2035. Mu da muke sayen manhaja da na'ura daga waje, wannan wa'adi namu ne ko mun so ko mun ƙi.

6.0 Shawarwari

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maƙalar na ba da shawarwari biyar.

Na ɗaya, ƙidaya. Kowace ma'aikata da asibiti da makarantar gaba da sakandare ta rubuta bayanan da take riƙe da su, da inda suke, da makullin da ke kansu, da tsawon lokacin da ya kamata su zauna a rufe. Wannan aiki takarda da haƙuri yake bukata, kuma ɗaliban da ke zaman koyon aiki za su iya taimakawa ƙarƙashin kulawa.

Na biyu, kwangila. Duk manhajar da jiha za ta saya daga yanzu, a rubuta cikin yarjejeniya cewa kamfanin zai bayyana makullan da ya sa, ya kuma ɗauki nauyin sauya su zuwa sababbin ma'aunai. Sa wannan sharaɗi kafin a sa hannu kyauta ne, nemansa daga baya kuwa sabuwar kwangila ce.

Na uku, rage tarawa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya ɗauki matakan tsaro da suka dace, kuma kada ya tara fiye da bukata. Bayanin da aka goge ba mai fasa shi.

Na huɗu, horarwa. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido da kwalejojin fasaha na Dutse da Kazaure da Haɗejiya su ƙarfafa darussan nazarin lambobi da aljabara da ilimin sirranta bayanai, su haɗa ɗaliban lissafi da na fiziks da na kwamfuta a aji ɗaya. Ƙaramin layin gwaji na ƙwayoyin haske tsakanin gine-gine biyu a harabar jami'a zai koyar da abu mai yawa. Fagen bincike kuma a buɗe yake: yaya sababbin makullan ke aiki a kan wayoyi masu araha da sabis mai yankewa? A nan amsar take, ba a Turai ba.

Na biyar, kada barazanar gobe ta mantar da mu ɓarnar yau. Kuɗin da ake sace wa mutanenmu yanzu, ta kiran waya ake sacewa, wani ya ce daga banki yake, ya nemi lambar sirri. Akwai kuma kalmar sirri ɗaya da ofis guda ke rabawa, da kwamfutocin da aka daina sabuntawa. Ofishin da ba ya sabunta manhajarsa ba zai karɓi sabon makulli ba ko da kyauta aka aiko shi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsarin mabuɗi biyu da tsaronmu ya jingina da shi yana da wa'adi, kuma bayanan da ke da tsawon rai sun riga sun shiga haɗari tun kafin wa'adin ya cika. Ta nuna cewa raba mabuɗi ta ƙwayoyin haske babban ci gaba ne na kimiyya, amma nisa da tsada da bukatar tashoshin amana sun taƙaita amfaninsa gare mu a yanzu. Sabon lissafi shi ne hanyar da za ta kai ga wayar talaka. Mutanen da suka dangwala yatsa a ofishin rajista, da marasa lafiyar da suka faɗa wa likita abin da ba su faɗa wa kowa ba, amana suka ba hukuma, kuma amanar ba ta ƙarewa da ƙarewar wa'adin gwamnati. Kirana ga masu karatu shi ne kowa ya koma wurin aikinsa ya fara ƙidayar nan a cikin wannan shekara, jiha kuma ta sa wa kanta ranar kammala sauyi wadda ba za ta wuce 2035 ba.